Tamowa ta wuce, a ci gaba da lura da ƙoda

Tambaya: Likita, ɗana na haife shi ɗan ƙarami, kuma bayan yaye ya yi tamowa har ƙafafunsa suka kumbura, muka kwanta asibiti. Yanzu shekararsa biyar, ya murmure. Wata nas ta ce in riƙa lura da ƙodarsa. Me ya haɗa yunwa da ƙoda?

Amsa: 'Yar'uwa, nas ɗin nan ta yi miki gata. A cikin kowace ƙoda akwai ƙananan matatai kimanin miliyan ɗaya masu tace jini su fitar da fitsari. Ana gama halittarsu ne tun a ciki, wajen mako na 36, kuma daga nan ba a ƙara ko ɗaya. Idan mai ciki ba ta samun isasshen abinci, ko aka haifi bakwaini, ko jaririn da bai kai kilo 2.5 ba, sau da yawa yakan zo duniya da matatai kaɗan. Jiki zai girma, aiki ya ƙaru, 'yan matatan su zama kamar jaki ɗaya ɗauke da kayan jakuna biyu. Gajiyarsu kan bayyana a girma, ta hanyar hawan jini ko zubar furotin a fitsari. An ga haka a ƙasar Holan: waɗanda suke tsakiyar watannin ciki lokacin yunwar 1944 zuwa 1945 sun fi yawan zubar furotin a fitsari bayan sun manyanta.

Tamowar bayan haihuwa kuma tata ɓarnar daban ce. Ƙoda takan rage saurin tacewa, ta kasa fitar da gishiri yadda ya kamata. Shi ya sa a asibiti ba a gaggauta ɗaura wa mai tamowa ruwa, ba a ba shi maganin sa fitsari don kumburi ya saɓe, ana farawa da madara ta musamman kaɗan-kaɗan. Yawancin wannan rauni yakan gyaru idan yaro ya warke. Babban haɗarin shi ne gudawa da amai, domin idan ruwan jiki ya ƙafe, ƙoda na iya tsayawa cikin kwana ɗaya ko biyu.

Ga abin da za ki yi. Sau ɗaya a shekara a auna masa hawan jini da abin awo na yara, a kuma gwada fitsarinsa. Gwaji ne mai araha, na 'yan mintoci. Ki ajiye katin asibitinsa, ki faɗa wa duk likitan da zai duba shi tarihinsa.

Da zarar ya fara gudawa, ki haɗa masa ruwan gishiri da sukari na ƙunshi, kada ki jira idonsa ya zurma. Ki guji sayo masa ibuprofen ko diclofenac a kemis, musamman idan ba ya shan ruwa. Haka jiƙe-jiƙe da kanwa. Ƙazuwa da ƙurajen da suka yi ruwa a yi musu magani da wuri, saboda ƙwayar cutar da ke shiga gyambon tana iya kumbura ƙoda.

Abinci kuwa, ki wadata kununsa da gyaɗa ko waken suya, ki haɗa da ƙwai, wake, garin busasshen kifi da miyar zogale. Kada tausayi ya sa ki ɗura masa lemon kwalba da alewa da dunƙulen miya barkatai don ya yi ƙiba. Teɓa a kan ƙoda mai ƙarancin matatai ƙarin kaya ce.

Idan kika ga fuskarsa ta kumbura da safe, ko fitsarinsa yana kumfa, ko ya koma kalar shayi, ko ya wuni bai yi fitsari ba, kada ki kwana a gida.

In kuma Allah ya ba ki wani rabo, kula da ƙodar ƙanensa tana farawa daga kwanon abincinki: ki ci ki ƙoshi, ki je awo, ki sha maganin ƙarin jini, bayan haihuwa ki ba shi nono zalla har wata 6.