Darasi: Yadda Kwamfuta Ke Fahimtar Guruf, Ba Mutum Biyu Kaɗai Ba

Yau za mu duba wani ilimi da ke ɓoye a bayan manhajojin wayarka.

Idan masana kwamfuta za su zana hulɗar mutane, kowane mutum ɗigo ne, duk mutum biyun da ke hulɗa kuma sai a haɗa su da layi. Wannan zane shi ake kira giraf, kuma asalinsa aikin Leonhard Euler ne na 1736. Matsalarsa ita ce layi ba ya haɗa fiye da ɗigo biyu.

Ga misali. Musa na hira da Bala a WhatsApp, Bala na hira da A'isha, ita ma tana hira da Musa, kowa a keɓe. Layi uku ke nan. To idan su ukun guruf ɗaya suke fa? Nan ma layi uku. A wurin kwamfuta duk ɗaya ne, alhali kowa ya san zancen sirri daban, zancen majalisa daban.

Maganin shi ne haifagiraf, wanda Bafaranshe Claude Berge ya yi wa littafi a 1970. Maimakon layi, sai a zana zobe ya kewaye duk 'yan guruf. Guruf mai mutum 10 yana buƙatar layi 45. Wanda ya cika da mutum 1,024, wato iyakar WhatsApp, sai ya ci layi 523,776. A haifagiraf kuwa zobe ɗaya ya wadatar.

A manhaja, tebur ake yi: mutane a jere, guruf a sama. Idan kana ciki a sa 1, idan ba ka ciki a sa 0. Wajen koyar da na'ura, mataki biyu ake maimaitawa. Kowane zobe zai tattara bayanan mutanen cikinsa, sannan kowane mutum ya karɓi bayani daga zobban da yake ciki. A haka na'urar ke hasashen abin da zai burge ka.

Ba mutane kaɗai ba. Wanda ya sayi fulawa da sukari a shagon intanet, ba a san me zai yi ba. Amma fulawa da sukari da yis da man gyaɗa a kwando ɗaya, ai fanke ne. Ma'anar tana cikin haɗuwarsu gaba ɗaya.

Ina ya shafe ka? A 2019, Iacopo Iacopini da abokan aikinsa sun nuna ta lissafi cewa idan aka saka tasirin taro, ra'ayi na iya mamaye jama'a farat ɗaya maimakon sannu a hankali. Ka auna da kanka: mutum ɗaya ya turo maka jita-jita, za ka iya shakka. Amma mutum biyar su gaskata ta a guruf ɗin unguwa, musu ya yi wuya, ko da daga tushe ɗaya duk suka samo ta.

Aikin gida: buɗe WhatsApp, zaɓi guruf uku da abokai biyar, ka zana teburin 1 da 0 a takarda. Wanda ya fi yawan 1, ta kansa labari zai fi saurin tsallakawa daga wannan guruf zuwa wancan. Idan kai ne, ka riƙa tantancewa kafin ka tura.

Sai mun haɗu a darasi na gaba.