Zomaye 60 Ko Zomaye 30: Yadda Ake Bambance Ɗanyen Lissafi Da Ƙididdiga A Waya

Da an gama kaka rani ya shigo, hotunan farauta kan cika Facebook da WhatsApp: ga karnuka, ga gora, ga zomaye da zabin daji an jera a ƙasa, wani lokaci har da dila. A Batsari da Safana, inda Dajin Rugu ya ratsa, farauta tsohuwar al'ada ce, ko da yake matsalar tsaro ta taƙaita shiga dajin. Ƙarƙashin hotunan kuwa sai musu ya kaure kan waɗanda suka fi iya farauta, kowa yana kafa hujja da yawan abin da aka kama. Wannan adadin shi ne ɗanyen lissafi. Ƙididdiga kuma ita ce idan an auna adadin da yawan mutane da lokacin da aka ɓata kafin a same shi.

Misali na gwaji

A ce wata tawaga daga Batsari mai mutum 40 ta yi kwana 3 ta dawo da zomaye 60. Wata kuma daga Safana mai mutum 10 ta yi kwana 2 ta samo 30. A ido, ta farko ta ninka ta biyu. Amma 40 sau 3 ya ba da 120, idan aka raba 60 da 120 kowane mutum ya samu rabin zomo a rana. Ta biyu kuwa, 10 sau 2 ya ba da 20, a raba 30 da 20, kowa ya samu zomo ɗaya da rabi. Ashe ƙaramar tawagar ce ta ninka babbar sau uku.

Haka yake ga ƙananan hukumomin kansu. A ƙidayar 2006 Batsari tana da mutum sama da 200,000, Safana kuma sama da 180,000. Duk adadin da za a kwatanta a tsakaninsu, sai an fara raba shi da yawan jama'ar kowace.

Yadda ake yi a waya

1. A sauke manhajar Google Sheets daga Play Store, a buɗe sabon shafi.
2. A layin farko a sa yawan mutane a A1, kwanaki a B1, abin da aka kama a C1.
3. A D1 a rubuta =C1/(A1*B1), amsa za ta fito nan take.
4. A maimaita wa tawaga ta biyu a layi na biyu, sannan a kwatanta.

Matsakaici ma yana ruɗi

A ce mafarauta biyar sun samu 1, 1, 2, 2 da 14. Umarnin AVERAGE zai ba da 4, alhali huɗu daga cikinsu ba wanda ya wuce 2. Mutum ɗaya ne ya ja lissafin sama. MEDIAN, wanda ke ɗauko lambar tsakiya, zai ba da 2, kuma shi ya fi kusa da gaskiyar yawancinsu.

Abin da waya ba ta nunawa

Wanda ya dawo hannu rabbana ba ya ɗora hoto, don haka nasara kaɗai ake gani a intanet. A watan Satumban 2021, lokacin Gwamna Aminu Bello Masari, an katse layukan sadarwa a ƙananan hukumomi 13 na Katsina, ciki har da Batsari da Safana. Wanda ya ƙirga saƙonnin da suka fito daga yankin a lokacin zai zaci babu abin da ya faru, alhali hanyar turowa ce babu.

Yawan kamu kuma ba ya nufin dabbobi sun ƙaru. Ƙona daji, ƙafewar tafkuna da ƙarin karnuka duk suna sauƙaƙa kamu ko da naman dajin raguwa yake yi. Raguwar ma ba a gane ta daga gawa kawai. A Amurka akwai wata 'yar'uwar dila mai suna koyoti, hukumomi suna kashe dubun-dubatarta duk shekara, amma ta bazu daga yammacin ƙasar har gabashinta.

Makiyayin da dila ke ɗauke wa 'yan awaki zai iya ganin hoton diloli biyar a kwance ya saki jiki, ya bar garke ba tsaro. Ma'aunin da ya dace da shi daban ne: awaki nawa ya rasa bana cikin nawa, idan aka kwatanta da bara.

Kafin a tura kowane adadi zuwa wani zaure, na farauta ne, na farashin masara ko na harkar tsaro, a fara tambaya: cikin nawa, a kwana nawa, wa ya ƙirga, kuma wa aka bari ba a ƙirga ba?