Darasi Kan Ƙurar Da Ido Ba Ya Gani

Daga watan Nuwamba zuwa Maris iskar hunturu takan lulluɓe Rimaye, Kankiya da Kusada da hazo. Mai yawa daga ƙurar nan takan taso ne daga kwarin Bodele a arewacin Cadi, inda tsohon tafki ya ƙafe. Mun saba da ita har muna zaton illarta ba ta wuce kaushi da mura ba.

Amma ƙura iri-iri ce. Mai kauri, hanci yakan tare ta. Akwai kuwa wata mai laushi ƙwarai, wadda masana ke kira PM2.5. Sai an jera ƙwayarta kamar 30 kafin a kai kaurin silin gashi guda. Ita ce ke kutsawa can cikin huhu, har ta kai ga jini, ta jawo asma, ciwon huhun yara, ciwon zuciya da shanyewar ɓarin jiki. Ba hamada kaɗai ke kawo ta ba. Hayaƙin itace da kara, janareta, da ƙona shara duk suna ɗauke da ita. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa gurɓatar iskar cikin gida ta yi ajalin mutum wajen miliyan 3.2 a shekarar 2020.

Tun da ido ba ya ganinta, dole sai an auna ta da na'ura. A 2021 hukumar ta yi iyaka: cikin iskar da za ta cika akwati mai mita ɗaya ta kowane gefe, kada wannan ƙura ta wuce maikirogiram 15 a awon yini guda. Awo ne ke faɗa wa uwa ranar da za ta tsare jaririnta a ɗaki, ya faɗa wa ma'aikacin asibiti lokacin da zai tanadi maganin asma.

Saboda haka, bari mu roƙi shugabannin ƙananan hukumominmu su kafa na'urorin awo a kasuwa da asibiti, a riƙa sanar da sakamako da Hausa. Mu kuma saurari gargaɗin hazo daga hukumar NiMet. A gida, a buɗe wa madafa taga, a yi girki da busasshen itace, kada a goya yaro a bakin murhu, kada a kwana da garwashi a rufaffen ɗaki.

Numfashi baiwa ce daga Allah, kiyaye shi kuwa amana ce a wuyanmu. Ubangiji ya taimake mu.