Yadda Ake Zaɓen Na'urar Gano Kifi da Ta Nuna Hanya Domin Ƙaramin Jirgi a Tekun Jidda

Ko da yake unguwar Waziriyya ta Jidda ba a bakin teku take ba, har wanda ya fito daga cikinta da asuba sai ya ratsa gari kafin ya shaƙi iskar gishiri, akwai daga cikin 'yan'uwanmu mazauna unguwar waɗanda Allah Ya sanya abincinsu a Bahar Maliya, wasu suna aiki a jiragen masunta, wasu kuwa suna fita da ɗan jirgin faiba a ranakun hutu. Kuma tun da yake galibin shawarar da ake ba su game da na'urori daga bakin mai sayarwa take fitowa, ko kuwa daga bidiyon masu kamun kifi a tafkunan Amurka, waɗanda ruwansu ba shi da gishiri balle murjani, sai na ga ya wajaba in faɗi abin da ya dace da tekunmu.

Da farko ka gyara takardunka: lasisin su daga Ma'aikatar Muhalli da Ruwa da Noma, da izinin fita daga dakarun tsaron iyaka, wato Harasul Hudud, ka kuma tambaye su kayan kariyar da suka wajabta a jirgi irin naka. Wannan ba ya buƙatar dogon bayani.

Na biyu, kafin ka taka ƙofar kanti, ka yanke wa kanka hukuncin zurfin ruwan da kake yin su a cikinsa, domin a kan wannan ne dukkan sauran zaɓin yake ginuwa. Wanda iyakarsa Sharm Obhur da bayan duwatsun murjanin da ke kusa da gaɓa, yana neman kifi irin su sha'ur da harid a ruwa mai zurfin mita 20 zuwa 50, buƙatarsa daban take da ta wanda yake zuwa Abu Faramish ko Abu Madafi' yana sauke ƙugiya a gefen dutse inda ƙasa take zarcewa zuwa mita ɗaruruwa cikin ɗan taƙi. Haka Bahar Maliya take: kana kan mita 10, ka matsa tsawon jirgi kaɗan sai na'ura ta rasa ƙasa gaba ɗaya.

To, ga inda mutane suka fi yin asarar kuɗi. Mai saye yakan ƙura wa allo ido, ya auna faɗinsa da kyan launinsa, alhali kuwa allon ba ya ganin kome, abin da aka aiko masa kawai yake zanawa. Mai aikin na haƙiƙa shi ne idon da ake kafawa a ƙarƙashin jirgi, wato tiransdusa, wanda yake harba sauti cikin ruwa ya saurari dawowarsa, kuma da yake sauti yana tafiyar kimanin mita 1,500 a daƙiƙa ɗaya cikin ruwan teku, da lokacin da amon ya ɗauka ake lissafa zurfi. Idon da ake haɗowa kyauta cikin kwali sau da yawa na tafki ne. Ka nemi wanda yake aiki da zango biyu, kilohaz 50 da 200, ko kuma mai tsarin CHIRP wanda yake share zangon sauti daga ƙasa zuwa sama a harbi ɗaya, ya fi rarrabe kifi daga dutse. Zango na 200 siriri ne mai kaifi: a irin idon da aka saba gani, idan zurfi ya kai mita 30, abin da yake dubawa a ƙasa bai wuce faɗin mita 6 ba. Na 50 kuwa a wannan zurfin yana rufe kusan mita 25, yana kuma nutsawa nesa, sai dai hotonsa ba shi da tsafta. Saboda haka nakan raba allo biyu, in nemi wuri da na 50, in tsaya a kansa da na 200.

Game da ƙarfi kuwa, ka yi hattara da adadin da aka rubuta da manyan haruffa a jikin kwali, domin akwai lissafi biyu, kuma wanda 'yan kasuwa suka fi so ya ninka na gaskiya sau takwas; idan ka ga an rubuta wat 4,000, to mai yiwuwa 500 ne a ma'aunin RMS, kuma wannan ma'aunin shi za ka tambaya. Wat 600 ya ishi mai su a cikin mita 100 ko fiye da haka kaɗan. Mai neman kifin zurfi ya sayi na kilowat 1, ya haƙura da tsadarsa, wadda takan kai ko ta zarce kuɗin allon kansa. Na'urar duban gefe da ake ta yayatawa, mai zango 455 da 800, tana da daɗin kallo a ruwa mara zurfi, amma a wurinmu mustahabbi ce, kuma wanda kuɗinsa ƙididdigaggu ne ya bar ta.

Kafa idon shi ne aikin da yake buƙatar haƙuri, kuma mafi yawan na'urorin da ake zagi a bakin ruwa lafiyarsu ƙalau, kafin ne bai yi daidai ba. Babban maƙiyin sauti kumfa ne. Idan za ka ɗaure idon a bayan jirgi, kada ka huda kome tukuna. Ka sa wani ya tuƙa jirgin da gudun da kuka saba, kai kuma ka leƙa baya a tsanake ka ga inda ruwa yake fita sumul ba fari-fari, ka yi alama a nan. Galibi gefen dama na inji ya fi, nesa da farfela, kuma ba a bayan wani tudu ko ƙusa da ke jikin gindin jirgi ba. Fuskar idon ta ɗan sauka ƙasa da gindin jirgi da 'yan milimita, bayanta ya fi gabanta nutsewa kaɗan. Sa'an nan a gwada: idan ƙasa tana bayyana a tsaye amma tana ɓacewa da an ƙara gudu, a sauke shi kaɗan a sake gwadawa, haka har sai ya zauna. Ina ba da shawarar a fara manna ɗan allon roba mai kauri a bayan jirgin a ɗaura sukurori a kansa, don kada gwaje-gwajen su mayar da jirgin rariya. Manna ido daga cikin jirgi yana yiwuwa idan faibar gindin zalla ce, ba iska ba katako a tsakani, amma ƙarfi yana raguwa. A jirgin katako irin huri kuwa ba ya aiki sam.

Allo kuma, inci 7 ya isa, matuƙar yana karantuwa cikin ranar Jidda. Ka roƙi mai kanti ya fito da shi waje da hantsi ka duba, ka kuma tabbatar yana da alamar IPX7 ta jure ruwa. Na fi son mai maɓallai a kan na shafawa, domin hannun da ya sha gishiri da ƙarnin kifi allo ba ya jinsa. Ni dai zuciyata tana ga Furuno, waɗanda tun 1948 suka fara ƙera wannan na'ura a Japan, saboda juriyarsu. Garmin ta fi sauƙin koyo, kuma Lowrance ba ta da laifi.  Ranar da ka kunna ta, ka kashe hotunan kifin nan da take zanawa, domin ciyawa da kumfa duk kifi take kiransu; ka koyi karanta baka-bakan da kanka, ka kuma buɗe faɗaɗa ƙasa, saboda kifi irin su hamur da najil manne suke da dutse.

Sai batun hanya. Ka sayi wadda ta haɗa GPS da taswira, ka tabbatar katin taswirar, Navionics ne ko C-MAP, na Bahar Maliya ne, domin wanda yake zuwa a ciki yakan nuna gaɓa kawai. Amma kada taswira ta ruɗe ka. Tun lokacin da Sayyidina Usman, Allah Ya yarda da shi, ya mayar da tashar Makka daga Shu'aiba zuwa Jidda a shekara ta 26 bayan Hijira, matuƙa suke fama da duwatsun mashigarta, har matafiyi Ibn Jubair, da ya sauka nan a 1183 Miladiyya, ya yi mamakin gwanintar masu ratsa su. Kuma har yau akwai kawunan murjani ƙanana da ba su cikin kowace taswira, idon na'urarka kuwa abin da ke ƙarƙashinka yake gani, bai san abin da ke gabanka ba. Saboda haka kada ka shiga tsakanin duwatsu sai rana ta ɗaga tana bayanka, mutum ɗaya yana tsaye a gaba: shuɗi mai duhu zurfi ne, kore a rage gudu, ruwan ƙasa-ƙasa dutse ne. Duk hanyar da ka bi lafiya ka adana zanenta ka dawo ta kanta, tare da tuna cewa ruwan Jidda yakan ragu da bazara fiye da lokacin sanyi.

Idan aboki ya ba ka lambobin wani wurin kifi, ka tambaye shi tsarin rubutunsu, ka kuma daidaita na'urorinku a kan tsarin WGS84. Minti ɗaya na layin arewa mil ɗaya ne na teku, wato mita 1,852, don haka wanda aka ba minti 30.50 ya shigar da shi a matsayin minti 30 da daƙiƙa 50 zai sauka fiye da mita 600 daga wurin, ya yini yana zargin abokinsa da rowa.

GPS ɗin ma yakan yi ƙarya a wannan teku. A watan Mayun 2025 babban jirgin kwantena MSC Antonia ya maƙale kusa da Jidda, kuma masu bin diddigin jirage sun danganta abin da kutsen da ake yi wa siginar GPS. Don haka kamfas na maganaɗisu farilla ne, a kafa shi nesa da lasifika da ƙarfe, tare da rediyon VHF a kan tasha ta 16. Wayar hannu tana ɗaukewa da an yi nisa, amma ka riƙe 994, lambar Harasul Hudud.

Wutar na'ura ka ja ta kai tsaye daga batir da fiyus nata, kada wayarta ta bi ta jikin wayoyin inji, in ba haka ba allo zai cika da zane-zane da zarar an tayar. In da hali, ka ware mata batir dabam da na tayar da inji. Bayan kowace fita a goge allon da ruwan daɗi, a shafa ɗan man kariya a bakin mahaɗan wayoyi, a cire shi a tafi da shi gida, domin zafin cikin jirgin da aka rufe da tamfol a watan Agusta yana kashe allo tun garantinsa bai ƙare ba.