Asusun Da Ya Yi Barci: Yadda Banki Ke Auna Abokin Hulɗarsa

Darasinmu na wannan mako ya shafi wata tambaya da 'yan kasuwa kan yi cikin ɓacin rai, wato yaya za a yi mutum ya shekara goma sha biyar yana ajiya a banki ɗaya, amma don ya yi ɗan nisa sai ya dawo ya tarar an hana shi taɓa kuɗinsa? Mai shago a kasuwar Kafanchan ba ya yin haka. Idan abokin cinikinsa ya ɓace shekara guda, cigiyarsa zai yi, ran da ya dawo kuma ya ba shi kaya bashi kamar jiya suka rabu. Shi kuwa banki ma'auninsa daban ne: motsin asusu yake dubawa, yawan shekarun hulɗa ba su cika shiga lissafinsa ba.

Za a fi ganin wannan a fili idan aka dubi katin cin bashi a Amurka, inda mafi yawan gidaje ke da shi. Katin alkawari ne da banki ya ɗauka cewa zai ranta wa mutum kuɗi har zuwa wani adadi duk lokacin da ya so. Ribar banki tana fitowa ne daga kuɗin ruwa da kuma ɗan kason da mai kanti ke biya a kan kowane ciniki. Katin da ke kwance a aljihu ba ya kawo ko sisi, alhali alkawarin rance yana nan a wuyan banki. Bugu da ƙari, wanda ya daɗe bai taɓa katinsa ba sannan ya zo ya kwashi bashi kwatsam, sau da yawa matsi ne ya kai shi, irin wanda ke sa biya ya gagara. Don haka dokar ƙasar ta yarda banki ya rufe katin da ya yi wata uku a jere ba a ci bashi da shi ba, muddin babu sauran bashi a kansa. Bankuna sun yi ta rufe irin waɗannan katuna lokacin rikicin tattalin arziki na 2008 da 2009, sannan a 2010 aka haramta musu cin tarar mutum don kawai bai yi amfani da katinsa ba.

Asarar mai katin ba ƙarama ba ce. A ce yana da kati biyu, kowanne na dala 5,000, ana kuma bin sa dala 2,000. Ya ci kashi 20 cikin 100 ke nan na abin da aka yarje masa. Da zarar an rufe kati ɗaya sai lissafin ya koma kashi 40 cikin 100, darajarsa a wurin masu ba da rance ta faɗi, ba tare da ya ƙara cin bashin kwabo ba.

A Nijeriya katin cin bashi bai yaɗu ba, amma asusun ajiya na fuskantar irin wannan hukunci, sai dai akwai bambanci babba da ya kamata mai karatu ya riƙe. Kuɗin da ke kan katin bashi na banki ne, yana iya janye alkawarinsa. Kuɗin da ke cikin asusun ajiya kuwa na mai ajiya ne, barci ba ya mayar da su na banki.

Ƙa'idojin da Babban Bankin Nijeriya ya fitar a watan Yuli na 2024 sun kasa al'amarin mataki-mataki. Asusun da mai shi bai yi wata hulɗa da shi ba tsawon wata shida zuwa goma sha biyu ana ɗaukarsa a matsayin wanda ya daina motsi. Idan ya cika shekara guda a haka, ya yi barci. Kuɗin ruwan da banki ke zubawa da cajin da yake cirewa ba sa cikin lissafi, sai hulɗar da mai asusun ya yi da kansa. Idan barcin ya kai shekara 10, za a mayar da kuɗin wani asusu na amana a Babban Banki, wanda zai juya su a takardun lamuni na gwamnati. Mai kuɗin ko magadansa na da ikon nemansu ta hannun bankinsu, a biya su uwar kuɗi da ribar da ta hau. Farfaɗo da asusu kyauta ne, kuma wajibi ne banki ya sanar da mai shi halin da ake ciki.

Dalilin hukuma yana da ƙarfi, domin asusun da mai shi ya manta da shi ne ɓarayin cikin gida suka fi sa wa ido. To amma a ganina wata shida ya yi kaɗan ga yanki irin Kudancin Kaduna, inda kuɗi ke tafiya da kaka. Manomin citta a Kachia, Kwoi ko Kagarko yakan shuka ne a farkon damina, ya haƙe daga wajen Nuwamba, ya tsaga, ya shanya, ya sayar cikin rani. Da shi da dillalin da ke tara buhuna, asusunsu na cika ne cikin 'yan watanni, sauran shekara kuma shiru. Wannan shirun ba gudun banki ba ne, yanayin sana'ar ne. A daminar 2023 cutar ruɓewa ta cinye gonakin citta masu yawa a yankin, wanda kuma bai girbe ba me zai kai banki? Kaka ɗaya da ta ɓaci ta isa ta cika wa asusu shekararsa, na'ura kuwa ba ta san an yi annoba ba.

Inda abin ya fi ciwo shi ne wajen neman rance. Banki yakan nemi bayanin shige da ficen kuɗi na wata shida ko shekara kafin ya ba da bashi, ga kuma kamfanonin tattara tarihin bashi da dokar 2017 ta ƙarfafa. Ɗan kasuwar da ke cinikin miliyoyi hannu da hannu, ya bar asusunsa a kwance, a takarda ba shi da bambanci da wanda ya karye. Manajan reshe na iya saninsa har gida, amma a yau ba safai ake yanke shawarar rance a reshe ba.

Saboda haka ɗan kasuwa ya riƙa motsa asusunsa ko da sau ɗaya ne cikin wata uku, ko da sayen katin waya ne. Mai asusu huɗu ko biyar gara ya rufe waɗanda ba ya buƙata da hannunsa, ya tattara cinikinsa a ɗaya ko biyu, inda tarihinsa zai yi kauri. Ya kuma lura da lambar wayar da ya ba banki, domin kamfanonin waya na sake sayar da layin da aka daɗe ba a yi amfani da shi ba, sanarwar banki kuma can za ta tafi, hannun baƙo.

Magada su ma abin ya shafe su. Idan mai asusu ya rasu, banki zai nemi takardar shaidar mutuwa da takardar kotu ta izinin kula da dukiyar mamaci kafin ya saki kuɗi, kuma ba za a nemi asusun da iyali ba su san da shi ba. Rubuta sunan banki da lambar asusu a littafin ciniki, a ajiye inda babban ɗa ko uwargida za su gani, aikin minti biyar ne.