Gidan Cikin Gari a Badaguishiri: Kafin Ka Miƙa Kuɗinka

Wani ɗan'uwa mai ci-rani a Abijan ya aiko da tambaya: an yi masa tayin tsohon gida kusa da kasuwar Badaguishiri, ga kuma fili a bayan gari mai rahusa. Wanne zai ɗauka?

Malam, na fahimci abin da ke jan hankalinka zuwa cikin gari. Ka fita sallar asuba a ƙafa, yara su tafi makarantar allo ba sai da babur ba, ranar kasuwa kuwa ko zaurenka ka ba mai hatsi haya ka sami na cefane. Ga hanyar Tahoua a kusa, siminti kuma ba shi da nisa tunda ga Malbaza. Maƙwabtan da suka san ubanka ma dukiya ne, musamman ga wanda zai bar iyali ya koma neman kuɗi.

Sai dai yawancin tsofaffin gidajen nan na gado ne, kuma a nan masu saye suke faɗa wa rami. Wanda ya kawo maka tayi zai ce shi ne babba a gidan. Girmansa bai ba shi ikon sayar da kason ƙanwarsa da ke aure a Illela ba, ko na ƙanensa da ke Libiya. A fiƙihun Malikiyya, idan ba a raba gida ba, abokin tarayya yana da haƙƙin shufa'a: ya mayar maka da abin da ka biya, ya karɓi kason da ka saya. Na taɓa ganin mutumin da ya gama ɗora kwano, ya shafa wa ƙofa fenti kore, sannan wata dattijuwa ta sauka daga mota da ƙunshin kayanta, ta zauna a zauren ta ce ɗakin uwarta ne. Kuma da gaskiyarta.

Don haka ka fara da tambayar ko an raba gadon, kuma wa ya raba. Kowane magaji, har da mata, ya sa hannu ko ya dangwala yatsa a gaban maigari da shaidu. Wanda ke nesa ya aiko da wakilci a rubuce. Saƙon murya na WhatsApp ba takarda ba ce. Daga nan ka tafi ofishin magajin gari a tabbatar da takardar ciniki. In filin bayan gari ne, tambayi ko lotisma ne mai takardar hukuma, ko kuwa gona ce aka yanyanka. In gona ce, sai ka bi ta hukumar filaye, wato Kofo, wadda dokar karkara ta 1993 ta kafa.

Abu na ƙarshe, kada ka sayi gida da rani kaɗai. Garin yana da ƙorama, ruwan tuddai kuma ba ya neman izini. Aiki wani naka a watan Agusta ya duba gindin katanga, ya ga inda laka ta tsaya da inda indararon maƙwabci ke zuba.

Ni dai, in magada sun cika kuma gindin katangar a bushe yake, na cikin garin zan ce ka ɗauka.