Likitan da Sahuda za ta gani nan da shekara takwas

Ni likita ne, amma 'yan shekarun nan rabin aikina ya koma lissafi: likitoci nawa muke da su, nawa za su yi ritaya, nawa za su tsallake ƙetare. Duk lokacin da na je Sahuda ko wani ƙauye na Mubi ta Kudu, tambayar da dattawa ke mini ɗaya ce: "Likita, yaushe za a turo mana likita?"

Ga yadda abin yake. Yaron da ya shiga jami'a bana zai yi shekara 6 yana karatu, shekara 1 ta sanin makamar aiki a asibiti, shekara 1 ta bautar ƙasa. Takwas ke nan, in yajin aiki bai gitta ba. In zai ƙware a tiyata ko haihuwa, a ƙara aƙalla 5. Wato likitan da muke nema yau, tun shekaru takwas baya ya kamata a ɗauke shi karatu.

A 2024 Ministan Lafiya, Farfesa Muhammad Ali Pate, ya ce likitoci kusan 55,000 ne a Najeriya, kuma wajen 16,000 sun bar ƙasar cikin shekara 5. Gwamnati ta ƙara guraben karatun likita, an kuma mayar da asibitin tarayya na Yola asibitin koyarwa na Jami'ar Modibbo Adama. Madalla. Sai dai takarda ba ta nuna inda likita zai zauna, kuma Legas da Abuja ne suke kwashe kaso mafi tsoka.

Lissafin namu ma yana da rami. Rabon Najeriya da ƙidayar jama'a tun 2006, don haka kiyasi muke yi a kan kiyasi. Sahuda kuwa bakin iyaka ce. Mace mai naƙuda da aka ɗauko a babur daga ɓangaren Kamaru, jini ya jiƙa mata zani, ba ta cikin alƙaluman kowa, amma gado za ta kwanta, jini za a ƙara mata. Ga kuma ma'aikatan da suka gudu lokacin da Boko Haram ta kama Mubi a 2014, waɗanda ba duka suka dawo ba.

Abin da na lura da shi a aiki, ɗan gari ya fi zama. Wanda ke jin Gude ko Fulatanci, mahaifiyarsa na nan kusa, ba ya saurin neman a canja masa wurin aiki. Mace likita kuwa, mata da yawa ita kaɗai za su buɗe wa cikinsu.

Ɗan gari kuwa ba zai shiga karatun likita ba sai ya samu darussan kimiyya a sakandare. Saboda haka iyaye, a taron iyaye da malamai na gaba, ku tambayi shugaban makarantar sakandare: wa ke koyar da kimiyyar sinadarai, wa ke koyar da fiziks? In babu, ku rubuta wa ƙaramar hukuma da ɗan majalisarku, ku sa hannu ku da mai unguwa.